Majinyacin da Inna Kaltume Ta Dafa

Duk Tibiri an san bayan Sadiƙu bai taɓa taɓa ƙasa ba. Ya yi ƙuruciyarsa kaf a filin kokowa, daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, har ƙetaren iyaka wajen Kabi, kuma ba a samu namijin da ya kwantar da shi ba. Matarsa Kaltume takan ce ko a gado da haƙarƙari yake kwanciya, wai kada bayan ya saba.

To bana, bayan an gama tara hatsi a rumbu, sai idanun Sadiƙu suka koma ruwan ɗorawa. Jikinsa ya kama ƙaiƙayi, tuwo ya daina wucewa, wando ya fara zamewa daga ƙugun da a dā mutum biyu ba sa iya ɗagawa. Aka sha saiwar shawara har aka gaji. A ƙarshe 'yarsa Afra'u ta ja shi zuwa asibitin Dogon Dutsi, daga can aka tura su Yamai, aka tura shi cikin wata na'ura mai ɗaukar hoton ciki.

Likitar da ta duba hoton, Dakta Hasiya, ba ta ɓoye musu komai ba. Ta ce ciwon daji ne ya fito a kan pankireyas, wata doguwar tsoka da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke zuba ruwan narkar da abinci cikin hanji. Ta ce an yi sa'a irin wadda ba kowa ke samu ba: ƙarin bai yaɗu ba, ana iya yanke shi. Amma ba ya jiran kowa. In aka yi jinkiri zai kama manyan jijiyoyin jini, daga nan kuma wuƙa ba ta da sauran amfani.

Sadiƙu ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai. Tambaya ɗaya ya yi.

"Aikin, a tsaye aka yin shi ko a zaune?"

"A kwance, Baba. Rigingine."

Sadiƙu ya ɗauki hularsa, ya yi mata godiya, ya fito ya nemi motar Tibiri.

Ga kuma Kamaluddeen. Kamalu malamin kimiyyar halittu ne a kwalejin garin, siriri, mai tabarau, mai zuciya irin ta man shanu a rana. Tun ranar da ya fara ganin Afra'u tana tsallake wani kwatami da tulu a ka, bai ƙara cin abinci ya ji gishirinsa ba. Ya rubuta mata waƙoƙi da Hausa, ya rubuta da Faransanci, ya kwatanta idanunta da tafkin damina, wuyanta da na barewa, shirunta da hukuncin alƙali. An riga an kai gaisuwa, an karɓa. Sa rana kawai ya rage.

Da yammacin da ya zo zance bayan dawowarsu daga Yamai, ya tarar da ita a gindin dogonyaron ƙofar gida, idanunta jawur. Ya buɗe baki zai fara da zancen farin wata, ta ɗaga masa hannu.

"Mushe," ta ce, da yake haka ake kiran malaman lakwal, wato makarantar boko, a nan, "yau ba ni son wata, ba ni son tauraro. Baba ya ƙi aikin. Mun yi kuka, liman ya yi magana, kawuna ya zo daga Matankari, duk a banza. Ni kau ba ni shiga lalle ubana na ƙarewa a kan tabarma. In bai hau motar Yamai ba, kada ka ƙara yi mini zancen rana."

Wayyo so! Kamalu ya dafa ƙirji.

"Afra'u, jahilci ne kawai ke tsakanin Baba da waraka, ni kuma yaƙi da jahilci shi ne sana'ata. Ba ni mako."

"Ka dai ce masa ana tashi lafiya. Shi ke nan. Kada ka tsawaita."

"Haba, hasken idona. Ai gaskiya daga saiwa ake kamo ta."

Da ta san abin da yake nufi da saiwa, da ta riƙe masa riga.

Kamalu ya duƙufa. Ya karanta duk abin da wayarsa ta iya jawowa game da tarihin tiyatar pankireyas, ya bi likitocin ƙarni biyu ɗaya bayan ɗaya, ya yi kuka a wurare da dama. Kuma da yake shi malami ne da ya yarda cewa ido ya fi kunne riƙo, ranar kasuwa ya nufi mahauta ya sayi kayan cikin rago guda cur, hanta da tumbi da hanji da madaciya, duk a haɗe yadda Allah ya shirya su. Mutumin da ko kaza bai taɓa yankawa ba! Sau biyu jiri ya ɗebe shi. Amma ya tuna idanun Afra'u, ya ɗaure ƙwaryar roba a bayan babur, ya kama hanya ƙudaje na yi masa rakiya.

Ranar kasuwa kuwa ranar Ɗahiru ce. Ɗahiru Bafillace ne daga rugar da ke wajen Sukukutane, tsoho mai dogon wuya da sanda a kafaɗa. Tun suna samari yake sauka gidan Sadiƙu duk ranar kasuwa, ya sha shayinsa, ya zage shi tas, ya koma. Sadiƙu kuwa Ba'are ne, kuma Ba'are da Bafillace taubasai ne. Duk abin da ɗaya ya faɗa wa ɗaya, ba fushi, ba duka, ba ƙara wajen hakimi. Sai dai ka rama da wanda ya fi shi zafi.

Kamalu ya tarar da su a rumfar ƙofar gida da maƙwabta biyu-uku. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya gaida surukinsa kansa a sunkuye.

"Baba, na zo ne in nuna maka yadda aikin nan ya samo asali, don hankalinka ya kwanta."

"Bisimilla, ɗana," in ji Sadiƙu yana sosa hannu. "Bawana, matsa ka ba mushe wuri."

"Wa ka kira bawa? Ni da na sayi kakanka da ƙwaryar nono?" in ji Ɗahiru, amma ya matsa.

Kamalu ya shimfiɗa buhu, ya juye kayan cikin, ya fiddo allura da baƙin zare da reza. Nan take ya gamu da matsala ta fari: a littafi tumbi ɗaya ne, a nan kuwa ga su nan jere kamar ɗakunan gidan haya.

"To... shi rago tumbinsa kashi huɗu ne. Ku ɗauka guda ne, kamar na mutum."

"Na Ba'are ma huɗu ne," in ji Ɗahiru. "Wanda duk ya ga yadda suka cin tuwo ya sani."

Bayan lalube mai tsawo Kamalu ya zaƙulo wata 'yar tsoka mai laushi, ya ɗaga ta sama da girmamawa.

"Wannan ita ce pankireyas. Tsawon zamani likitoci na tsoron ta, domin ruwan da take fitarwa nama yake narkarwa; in ya tsiyaya cikin ciki, mutum yake ci. Kuma kanta a manne yake da farkon hanji da bututun madaciya. Ba a cire ɗaya sai an ɗebo sauran. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, wani likita a ƙasar Italiya ya yi ƙarfin hali ya yanke kan tare da farkon hanjin."

"Madalla da shi," in ji Sadiƙu. "Majinyacin hwa?"

"Ya yi 'yan makonni."

"Sannan?"

Kamalu ya gyara tabarau. "Sannan ya rasu."

"Kaye na hwari," in ji Sadiƙu, ya lanƙwasa yatsa.

A bayan zana, inda Afra'u ta laɓe tana saurare, wani abu ya yi ƙara kamar an buga goshi da tafin hannu.

"Amma, Baba, sai wani Bajamushe ya yi dabara! Ya ce jikin mai shawara ba ya ɗaukar babban aiki, jininsa ba ya tsayawa. Sai ya raba aikin biyu. Zango na farko, a buɗe wa madaciya wata hanya zuwa hanji, shawarar ta sauka, mutum ya huta ya yi ƙarfi. Zango na biyu, a koma a cire ƙarin. Kuma ya yi nasara!"

"Ya rayu?"

"Ƙwarai! Wata tara cur!"

"Sannan?"

"...Sannan ya rasu."

"Kaye na biyu."

"Wata tara," in ji Ɗahiru yana kurɓar shayi. "Ko akuyata ta fi haka jimiri."

Gumi ya fara tsattsafo wa Kamalu. Wata murya a cikin zuciyarsa, mai kama da ta Afra'u, ta ce masa ya tsallake zuwa ƙarshe. Amma malami ba ya tsallake darasi.

"Daga nan sai wani likitan Amurka, wanda har yau aikin ke ɗauke da sunansa. Shi ne ya gyara, ya tsara, ya—"

"Na hwarinsa," Sadiƙu ya katse shi. "Majinyacinsa na hwari."

Kamalu ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dubi hantar rago. Ƙarya ba ta cikin jininsa.

"Bai kwana biyu ba."

"Kaye na uku. Ci gaba, ɗana, ina jin daɗin labarin."

Don ya kauce wa idanun jama'a, Kamalu ya sunkuya ya shiga nuna zango na farko a aikace. Ya huda madaciya, ɗaci ya fantsamo masa a riga, ya kama bakin hanji ya ɗinke su tare da baƙin zare, ɗinki irin na wanda bai taɓa ko liƙa maɓalli ba. Yana ƙulla zaren ladan ya kira azahar.

"Alhamdu lillahi," ya ce cikin ajiyar zuciya. "An gama zango na farko. Yanzu majinyaci zai huta, kamar yadda Bajamushe ya bar nasa ya huta. Bayan la'asar za mu yi zango na biyu, kuma Baba, wallahi a can daɗin tarihin yake."

Ya mayar da kayan cikin ƙwarya, ya rufe da faifai. Don kada rana ta taɓa majinyaci, kada kuma karnuka su yi masa ziyara, sai ya tura ƙwaryar cikin zaure, can bakin ƙofar shiga gida, inda inuwa take. Maza suka tafi masallaci. Afra'u kuwa takaici ya riga ya kora ta gidan ƙawarta don ta yi kukanta a natse.

Inna Kaltume ta fito neman tsintsiya ta yi tuntuɓe da ƙwarya. Ta ɗaga faifai. Ta rufe. Ta sake ɗagawa. Fuskarta ta washe.

A Tibiri, in saurayi ya ajiye nama a bakin ƙofar surukai ranar kasuwa ya sulale ba tare da ya ce uffan ba, kowa ya san ma'anarsa: kunya ce da ladabi. Ita kuwa Inna Kaltume ta daɗe tana jin haushin wannan mushe da ba ya kawo komai sai littattafai da lemun kwalba.

"Kai, yaron ga ya yi hankali," ta ce. "Har da hanta!"

Ta ga wani ɗinki a jikin madaciya, ta ce a ranta mahautan zamani sai iyayi. Ta yanke madaciyar ta jefa wa kaji, ta wanke tumbi, ta kitse hanji, ta daka citta da kanumfari da barkono, ta ɗora tukunya.

Bayan la'asar Kamalu ya dawo da sabuwar riga da sabon ƙarfin gwiwa. Tun daga kwanar layi wani ƙamshi ya tare shi, ƙamshi mai tayar da matacce. Ya ce a ransa, lallai gidan nan akwai albarka. Ya leƙa zaure. Ba ƙwarya. Ya duba bayan ƙofa. Ya duba ƙarƙashin benci. Yana cikin dubawa Inna Kaltume ta turo babbar tasa har rumfa, tana magana daga bayan labule yadda suruka ke yi.

"A ce wa Mushe an gode, Allah shi yi albarka. Ga ɗan abin da anka samu."

Ɗahiru bai jira bisimillar kowa ba. Ya naɗe hannun riga ya kai loma. Ya tauna, ya lumshe ido, ya sake kaiwa. Can sai ya tsaya. Ya sa yatsu biyu a baki ya fara jawo wani abu. Ya ja, ya ja, ya ja. Baƙin zare ne, da ɗan guntun hanji yana reto a ƙarshensa.

Ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Mushe, wanga ɗinkin na Bajamushe ne ko na ɗan Amurka?"

Kowa ya zuba wa zaren ido. Sai wani sauti ya fito daga ƙirjin Sadiƙu, sautin da gidan ya manta da shi tun bayan girbi. Dariya ce. Ya yi ta har ya riƙe ciki, har hawaye suka zubo daga idanun nan masu ruwan ɗorawa.

"Kaye na huɗu!" ya ce da ƙyar. "Wanga ma ba a yi mai sutura ba, romo anka yi da shi! Ɗana, na gode. Ka hwaɗa mini gaskiya wadda likita ta ɓoye. Wanda duk ya kwanta, ko shi mutu ko a dahwa shi."

Kamalu ya zube a kan tabarma. Afra'u, wadda ta dawo daidai lokacin, ta tsaya a bakin zaure ta dube shi. Bai taɓa rubuta waƙa a kan irin wannan kallo ba, kuma ya san ba zai taɓa iyawa ba. Ya ga auren yana tafiya, ya ga tsohon nan mai dariya yana tafiya, duk a kan hanya ɗaya, kuma shi ne ya share musu ita. Hawaye suka cika masa tabarau.

Ɗahiru ya cinye majinyacin sarai, ya side yatsu, ya yi gyatsa. Sannan ya miƙa hannu ya cire hular Sadiƙu daga kansa ya ɗora a nasa.

"Ta yi mini daidai," ya ce. "Kaltume! Rediyon nan tasa tana aiki? Ki ajiye mini. Da buta ta ƙarhe. Da layun kokowar nan da ke rataye a ɗaka, in ɗaura wa bijimina."

"Kai bawa, mi kake yi haka?" in ji Sadiƙu.

"Rabon gado. Gara in kwashe tun kana gani, kada a cuce ni." Ya juya wajen Kamalu. "Mushe, share hancinka in tambaye ka. Mutanen ga da sunka mutu, kama su anka yi anka ɗaure?"

"A'a. Da yardarsu."

"Na biyu ya ji labarin na hwari?"

"Wataƙila."

"Ya kau kwanta. To wa ya hwara tashi shi daɗe?"

Kamalu ya ja majina. Wannan shi ne wurin da ya tanada, wurin da ya fi so a duk tarihin.

"Wata mata ce. Likitan Amurkan nan ya buɗe ta a gaban baƙin likitoci, ana zaton ciwon tumbi ne, sai ya tarar a pankireyas yake. Ba halin ya rufe ya ce a dawo. Sai ya yi aikin duka a zama ɗaya, ya yanke, ya haɗa. Ta tashi. Ta yi shekara tara a duniya."

"Mace," in ji Ɗahiru.

"Mace."

Ɗahiru ya miƙe tsaye, ya gyara hular gado a kansa, ya juya wajen maƙwabta da masu wucewa daga kasuwa, waɗanda ƙamshi da dariya suka riga suka tara.

"Jama'a ku shaida! Matar Nasara ta kwanta gaban wuƙa ta tashi. Zakaran Arewa ya ga gado da hwarin zane ya ɗauki hula ya sheƙa tasha!" Ya yaye rigarsa. Ga tabon bulalar sharo a ƙirji, ga wani ɗan tabo a ƙasan mara. "Wanga na ƙaba ne. A Dogon Dutsi anka yanke ni, a kwance, rigingine, idona biyu, ina hira da likita kan kuɗin shanu. Ni Bafillace mai shan nono! Wallahi daga nan har Sukukutane ba kasuwar da ba ni ba da labarin ga. Kuma ranar da anka kai ka, ni ka shiga kabarin in zauna, ba mai sa ka sai an tara jama'a na hwaɗa musu abin da ya kashe ka. Ba ciwo ba ne. Gado ne."

Jijiyar wuyan Sadiƙu ta tashi. Da wani ne ya faɗi rabin wannan, da tuni yana kallon sama ƙafafunsa na lilo. Amma taubashi ne. Ba a dukan taubashi. Ba a yi masa fushi. Abu ɗaya al'ada ta bari: ka rama da wanda ya fi.

Ya daɗe yana kallon ɗan tabon nan na ƙasan mara. Dariyar ta bar fuskarsa. Da ya yi magana, ba da Ɗahiru ya yi ba.

"Ɗana. Bar Italiya, bar Jamus. Yau. Cikin waɗanda ka kwantawa, nawa ka tashi?"

Kamalu ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Karo na farko a ranar, ya yi magana ba da muryar aji ba.

"Baba, a zamanin ƙuruciyarka, kusan ɗaya cikin huɗu ba ya fita asibiti. Har wasu likitoci suka ce a daina aikin baki ɗaya. Wasu suka ƙi dainawa. Aka samu maganin tsayar da jini, aka iya ƙarin jini, aka gyara maganin barci, aka koyi ɗinkin da ba ya yoyo. Yau, inda hannu ya saba da aikin, cikin ashirin da wuya a rasa fiye da ɗaya. A wasu ƙasashe ma ta 'yan ƙananan huda ake yi, da na'ura. Amma ba zan yi maka ƙarya ba. Aiki ne babba. Bayansa akwai magani mai wahala, kuma ciwon yana iya dawowa. Abin da na sani, in ba a yi ba, ba ya barin kowa."

"Kana nufin shekara ɗari ciwon ga na kada su, suna tashi suna kakkaɓe ƙasa suna komowa hili?"

"Haka ne, Baba."

Sadiƙu ya gyaɗa kai a hankali.

"Ni a kokowa ban taɓa tsoron wanda ba a kayar ba. Wanda ya sha ƙasa ya komo, shi ne mugu. Ya san ɗanɗanonta." Ya miƙa hannu ya fizge hularsa daga kan Ɗahiru. "Afra'u! Haɗa mini kaya. Kai kuma bawa, da kai za a tahi. Wa zai ɗaukar mini buta?"

"Ni? In bar shanuna in bi Ba'are?"

"Ka tsaya bakin ƙohwar ɗakin. Ka gani da idonka, don kada ka ƙara mini ƙarya a kasuwa." Ya sassauta murya har sai da Kamalu ya matso kafin ya ji. "In kuma ban tashi ba, kada ka bari baƙi su wanke ni."

Ɗahiru ya juya baya yana gyara sanda a kafaɗa, ya daɗe yana gyara ta.

"Ka dai tashi," ya ce. "Wa zan zaga?"

Aikin ya ci yini guda. Afra'u ta ce Ɗahiru bai zauna ba, bai sha ruwa ba, yana tsaye da buta a hannu kamar soja, har Dakta Hasiya ta fito ta sauke ƙyallen bakinta ta yi murmushi. Kamalu, da labarin ya iske shi a aji, ya fashe da kuka a gaban ɗalibai, ya ce musu ƙurar alli ce.

Da Sadiƙu ya dawo Tibiri ya rame ƙwarai, yana tafiya a hankali, ba ya cin abinci sai da ƙwayoyin magani, kuma akwai sauran zirga-zirga zuwa Yamai don ƙarin ruwan da ke sa shi amai. Amma idanunsa sun yi fari. Ranar kasuwar farko ya sa aka kai shi tsakiyar 'yan hatsi, ya kira Ɗahiru, ya yaye riga. Tabon ya ratsa cikinsa daga wannan haƙarƙari zuwa wancan. Aka auna da taƙi. Na Ɗahiru bai kai rabin taƙi ba.

"Wanga shi ne yanka," in ji Sadiƙu. "Naka ƙaya ce ta karce ka."

"Amma dai ka kwanta."

"A gado. Gado ba ƙasa ba ne. Kuma mace ta yi aikin. Har yau ba namijin da ya kwantar da ni."

Tun daga ranar, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ji tarihin tiyatar pankireyas daga bakinsa, yana lanƙwasa yatsu: na Italiya, na Jamus, na Amurka, rago, sannan shi. In aka tambaye shi me ya sami ragon, sai ya nuna Ɗahiru.

An sa ranar aure bayan ƙaramar salla. Jajibirin ɗaurin auren, Kamalu, wanda yanzu ya koyi ladabin surukai, ya sake zuwa mahauta, ya sayo kayan ciki, ya ajiye a bakin zaure ya sulale. Bai kai kwanar layi ba ya ji takun gudu a bayansa. Afra'u ce, mayafi na zamewa, tana haki, tana dariyar da ya yi watanni yana jira.

"Mushe! Inna ta ce in tambaye ka kafin ta ɗora tukunya. Wanga na ci ne, ko na karatu?"